Wayar Baba Tsoho a Kan Mangwaro

Duk waɗanda suka yi magana a jana'izar Baba Tsoho, kakana na wajen uwa, babu wanda ya faɗi daidai. Fasto ya ce mutum ne mai son jin labaran duniya a rediyo. 'Yan zumuntar mata suka ce makanike ne. Abokan aikinsa na reluwe, 'yan tsirarun da suka rage, suka ce tun da ya yi ritaya tsufa ya mai da shi yaro, yana wasa da wayoyi. Waɗannan ban damu da su ba, rashin sani ne. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne maganar da ba a faɗa a lasifika ba, wadda aka yi ta raɗawa a bayan rumfa wajen rabon shinkafa: wai Baba Tsoho yana magana da mutanen daji.

Da kunnena na ji. Wata maƙwabciyarmu, bakinta cike da naman jana'izarsa, tana ce wa ta kusa da ita, "Allah ya ji ƙansa dai, amma wayan nan da ya ja a sama, ai ba don shanya ba ne." Na ajiye tiren da ke hannuna na ce, "Mama, in kin ƙoshi ga hanya." Mahaifiyata ta ja ni ciki tana roƙona kada in kunyata gida. Gidan da aka riga aka kunyata.

To ga abin da yake yi, tunda ba wanda ya tambaya.

Akwai mutane a duniya, yawancinsu tsofaffi, da gwamnati ke ba lasisi su yi hira da juna ta iska, babu katin waya, babu kamfani a tsakani. Baba Tsoho yana cikinsu. Ya koyi son abin tun yana aikin sadarwa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Da tsohuwar na'urarsa ta mutu, sai ya haɗa wani ɗan akwati da hannunsa, girmansa bai wuce sabulun wanki ba. Akwatin ba ya magana shi kaɗai. Doguwar wayar da ta tashi daga kan rufi zuwa bishiyar mangwaro takan kamo abin da ke iska ta kawo masa, shi kuma ya miƙa wa tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur ta wani kebul guda ɗaya. Kwamfutar ce ke mai da shi murya. A fuskarta za ka ga layuka suna gangarowa kamar ruwa a kan kwano, kowane layi mutum ne a wani gari yana magana.

Wannan kebul ɗin shi ne ransa. Baƙi ne, mai kauri, mai tsawo. Shi ya liƙa kawunansa da dalma. Gefen akwati kai biyu, ja da fari. Gefen kwamfuta kai ɗaya, ɗan siririn jak mai baƙin zobe biyu.

Ni ce nake zama da shi, ba don na fi kowa hankali ba, don na gama sakandare ne ban samu gaba ba, kuma ɗakinsa ne kaɗai inda ba a aike na. Madam Gaggawa yake kirana. Ranar da ya fara barina in taɓa kwamfutar, sai da ya sa na durƙusa a bayanta na duba ramuka uku na katin sauti, wato wurin da sauti ke shiga yana fita.

"Kore na mene ne?"

"Lasifika."

"Ruwan hoda?"

"Makirfo. Baba, na sani."

"Kin sani. To sa kebul ɗin."

Na soka shi a ruwan hoda, don shi ya fi kusa da hannuna. Nan take layukan suka ninku, kowane mutum ya zama biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar an kafa madubi a tsakiya. Ya yi dariya har da tari.

"Ramin makirfo kunne ɗaya gare shi. Ke kunne nawa Allah ya ba ki?"

"Biyu."

"Amma da ɗaya kike aiki, shi ya sa kike jin rabin magana ki tashi da faɗa. Akwatin nan abu biyu yake aikowa, hagu da dama. Sai an ji su tare ake gane na gaske da inuwa. Sa a shuɗi."

Na sa a shuɗi, inuwar ta ɓace. Bayan kwamfuta ya bar mini. Bayan akwati kuwa bai taɓa yarda hannun kowa ya je ba.

Mutum ne mai wuyar zama. Ba zan shafa masa mai don ya mutu ba. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar hira, duk gidan sai ya sha faɗa, har kaji. Ba ya ba da aron kayansa. Shekarar da shugaban mawaƙan cocinmu ya zo neman wannan kebul ɗin don bikin Kirsimeti, a tsakar gida suka yi ta. Shugaban mawaƙa ya ce, "Baba, aikin Ubangiji ne fa." Baba Tsoho ya ce, "Ubangiji ya san inda kasuwa take. Na ga yadda yaranku ke fere waya da haƙori." Har dattawan ikilisiya suka shiga maganar, aka ce rowa ce. Ya yi makonni yana zama a bencin baya, fuska a murtuke.

Daga bencin bayan nan ne ya lura da wata tsohuwa, gwauruwa, ƙawar kakata. Kullum tana wurin, amma in an yi dariya a wa'azi ba ta yi, in an ce a tashi sai ta ga mutane sun tashi. Kunnenta ya tafi, ba wanda ya kula. Bai yi wa kowa shawara ba. Ranar wata Asabar ya tafi coci da ƙarfen dalma, ya ja siririyar waya daga amfilifaya ta bin bango har ƙarƙashin bencinta, ya kafa ɗan rami na jak a jikin katakon, ya ba ta abin sawa a kunne. Lahadin farko, Fasto na cikin wa'azi sai tsohuwar ta ɗaga murya ta ce, "Ashe haka muryan yaron nan yake!" Coci ya fashe da dariya. Baba Tsoho ko murmushi bai yi ba. A hanyar gida ya ce mini akwai ƙara a layin, sai ya koma ya gyara.

Lahadi da yamma ce ranarsa. Bayan an ci gwate, faten tsakinmu na gida, sai ya sa hularsa kamar mai zuwa taro, ya zauna gaban kwamfuta. Suna da wurin haɗuwa a iska, shi da wasu tsofaffi, wani a Ghana, wani a Nijar, wasu a kudu. Bai taɓa ganin fuskar yawancinsu ba. Me suke faɗa? Ruwan sama. Ciwon gwiwa. Wayar wa iska ta kayar. Na sha ce masa, "Baba, duk wannan wahala don ka ji gwiwar wani a Ghana?" Ya ce, "Ke wa ke tambayar gwiwarki a wayar salula?"

Sai dai kafin ka daidaita layi sosai, muryoyin ba sa fita kamar na mutane. Suna fita ne kamar agwagi suna gardama a cikin tulu. Tagarsa kuma a bakin hanya take.

Da aka kai hari ƙauyen da ke bayan gonakin citta, daminar da ta wuce, mun kwana biyu muna karɓar mutane a coci. Ba zan bayyana abin da na gani ba. A cikin waɗanda aka binne akwai yayar shugaban matasan unguwarmu da 'ya'yanta. Bayan haka kowa ya koma neman wanda ya nuna hanya. An zargi mai sayar da burodi. An zargi ɗan acaɓa. Sai wani ya ɗaga kai ya ga waya a kan mangwaro, wata ta tuna ta taɓa jin wani irin yare ta taga.

Shugaban matasa ya zo da rana tsaka, shi da wasu, da sanduna. Baba Tsoho ya fito da lasisinsa a cikin gilashi. Saurayin bai ko kalla ba.

"Baba, da wa kake magana?"

"Shigo ka ji."

"Ba zan shiga ba. Da wa kake magana?"

"Na ce ka shigo ka ji. Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma. A ƙofar gidana za ka tsaya kana mini tambayar 'yan sanda?"

Girman kai ya hana wannan shiga, girman kai ya hana wancan bayani. Suka tafi. Amma daga ranar gaisuwa ta ragu. Masu zuwa cajin waya suka daina zuwa. A coci bencinsa ya yi faɗi. Ya ci gaba da zaman Lahadi, sai dai yana rufe taga, ya sa abin ji a kunne, wanda hakan ya ƙara wa maganar gishiri. Likita ya ce hawan jini ne ya kashe shi. Ban musa wa likita ba. Amma ni na san abin da ya hau.

A wajenmu in an yi mutuwa, kayan gidan na jana'iza ne. Kujera, tukunya, janareto, ba a tambaya, ɗauka ake yi. Safiyar jana'iza ina wajen girki, ashe wayar lasifika ba ta kai rumfa ba. Matasan mawaƙa suka shiga ɗakinsa, suka ga doguwar waya mai kyau. Suka zare ta, suka datse kawunan duka, suka fere da haƙori, suka murɗa, suka naɗe da leda. Da na shiga ɗauko hotonsa na ga bayan kwamfuta fayau. Na bi waya da ido har rumfa. Duk yabon da aka yi masa ranar, ta cikin kebul ɗinsa ya bi. Kawunan kuwa an share su da shara.

Ban yi kuka a bakin kabari ba. A nan na yi.

Washegari Kawu, babban ɗansa, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna, ya tara iyali a tsakar gida. Kakata ba ta fito ba, tana ɗaki a kan tabarma da matan zumunta, kamar yadda ake yi. Kawu bai yi kwana-kwana ba.

"Wayar kan mangwaron nan za ta sauka. Akwatin kuma zan tafi da shi in jefa a kogi."

Na ce, "Kawu, in ka sauke ta yanzu ka yarda da abin da ake faɗa ke nan."

"Wa ya sa bakinki?"

"Ba wanda ya sa. Shi ya sa na sa da kaina."

Mahaifiyata ta ce, "Ke!" Kawu ya ɗaga mata hannu. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Idonsa ya yi ja, tun daga Mararraban Rido yake tuƙi yana kuka, matarsa ta faɗa mana. Ya ce, "'Yata, ni ma na san ubana. Amma ni zan koma Kaduna. Ke da uwarki da tsohuwa za ku kwana a nan. In aka sake kai wani hari, Allah ya kiyaye, gidan wa za a fara zuwa? Lasisi zai kashe wuta?"

Sai na ce a ba ni zuwa la'asar, in kunna, kowa ya ji da kunnensa, a kira har maƙwabta. In sun ji tsofaffi ne ke hirar ruwan sama, magana ta mutu.

Na hau acaɓa zuwa kasuwa. Mai kayan waya ya miƙo mini wani kebul mai kai uku, har da rawaya.

"Ba shi ba. Ja da fari kawai. Jak ɗin mai zobe biyu."

"Sista, duk ɗaya ne, wannan ma ya fi, an ƙara miki ɗaya kyauta."

"In kyauta kake so ka ba matarka. Zobe biyu."

Ya tono wani siriri kamar taliya. Na duba zoben, na dawo.

La'asar ta yi, ɗakin ya cika, wasu a taga. Maƙwabciyar nan tana gaba-gaba. Na sa jak a shuɗin rami. Na juya akwatin, karo na farko a rayuwata, na ga ramuka biyu, ja da fari. Na sa ja a ja, fari a fari. Ko yaron firamare haka zai yi. Na kunna. Layuka suka gangaro, babu inuwa, zuciyata ta yi sanyi. Na zaɓi layi mafi haske na danna.

Agwagi.

Na matsa kaɗan, kamar yadda nake yi kullum. Agwagi. Na koma baya. Na zaɓi wani layin. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba, sai wannan gurnani mai kama da magana, yana hawa yana sauka, kamar mutum yana ba da umarni da bakin da ba na mutane ba. Sai maƙwabciyar ta ce, a hankali, ba ma da mugunta ba, "Shi ne. Irin shi na ji."

Mutane suka fara zamewa. Kawu ya zo da kansa ya kashe soket. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi. Ya ce in ya dawo rabon kaya ƙarshen wata, ba ya son ya ga waya a kan mangwaro. Kafin magariba labari ya kai bakin titi: jikar ma ta kunna, kowa ya ji.

Washegari Lahadi bayan sujadar godiya baƙi suka watse. Ina zaune a ɗakinsa ina kallon akwatin kamar in taka shi. Sai ga kakata, Mama Tsohuwa, ta shigo da tsumma a hannu. Tun da ya mutu ba ta taka ɗakin ba. Ta fara goge tebur, don hannunta ya saba. Ta kai bayan akwatin ta tsaya.

"Wa ya sa wannan haka?"

"Ni ce, Mama. Daidai ne. Ja a ja."

"Ba haka yake sa ba. Jan yana shiga farin rami."

"Mama, ba ki san abin nan ba."

"Ban san shi ba. Amma shekara nawa ina share teburin nan? Kullum ja a fari, fari a ja." Ta ninke tsumman. "Na ɗauka idonsa ne ya mutu. Ban faɗa masa ba, kada ya ji kunya."

Na zare su na juya. Daga baya na buɗe akwatin na gane: tun ranar da ya haɗa shi ya liƙa hagu a wurin dama. Maimakon ya warware ya gyara, sai ya riƙa juya kawunan, ya kuma hana kowa taɓa bayan. Mutumin da ya yi wa coci guda faɗa a kan fere waya. In hagu da dama suka sauya wuri, duk abin da ke iska yakan kife, na sama ya koma ƙasa, murya kuma ba za ta taɓa daidaituwa ba ko za ka kwana kana matsawa. Da yana raye da na yi masa tsiyar da ba zai manta ba.

Na kunna. Lokacinsu ya yi. Na je wurin haɗuwarsu, na matsa kaɗan, sai murya ta fito tas, wani tsoho da Turancin Ghana yana cewa ruwa ya hana shi zuwa coci. Wani ya karɓa. Suka zagayo, kowa ya faɗi nasa. Sannan na Ghana ya kira sunan Baba na iska, haruffa da lambar da lasisi ya ba shi. Ya saurara. Ya sake kira. Sai wani da Hausar Nijar ya shigo yana dariya:

"Mutumin Kafanchan! Ko citta ta riƙe ka a gona? Makon jiya ma ba mu ji ka ba. Ka fito, tsoho, mun san kana ji."

Suka bar masa fili. Iska kawai ke huci a lasifika.

Mama Tsohuwa ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Amsa musu mana."

"Ba ni da izini, Mama. Ba a shiga sai da lasisi."

"To haka za su yi ta kira?"

Muka zauna har suka yi sallama, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa a gaida na Kafanchan in an ji shi.

Mu biyu kaɗai muka ji. Jiya ɗaki cike aka ji agwagi, yau da gaskiya ta fito, daga ni sai tsohuwar da ba wanda zai karɓi shaidarta a kan mijinta. Na ɗauka a wayata na tura wa Kawu. Ya kira ya ce ya ji, ya yi kuka ma, amma maganarsa tana nan. Ya ce abin da aka ɗauka a waya kowa zai ce haɗawa aka yi. A nan ma gaskiyarsa ce.

Ubangiji ya ba Baba Tsoho hutu. Ya sha faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya kuma yi shiru a kan abin da ya kamata ya buɗe baki. Ya ja wa kurma waya har bencinta. Bai taɓa nuna wa kowa hanyar ƙauyen kowa ba. Wanda ya ce ya yi, ya zo ya faɗa a gabana.

Saura Lahadi biyu kafin Kawu ya dawo. Ba zan sake tara jama'a ba, na ga abin da taro ke yi. Mutum ɗaya nake so, wanda in ya ce ba haka ba ne unguwa za ta ji, saboda shi ya binne 'yar'uwa. Mahaifiyata ta ce in na je gidan shugaban matasa ni na jawo mana, in ya saurara ya ce bai yarda ba, to na kai wuta har ɗaki da hannuna. Na sani. Na auna wannan, ban ga wata hanya ba.

Gobe da safe, kafin ya tafi gona, zan je. Ba zan aika kowa ba, ba zan je da Fasto ba. Zan gaishe shi, in yi masa ta'aziyyar yayarsa, wadda gidanmu ba mu taɓa zuwa mun yi masa yadda ya kamata ba. Sannan in ce masa ranar Lahadi da yamma akwai gwate a gidanmu, kuma ba zan tashi daga ƙofarsa ba sai ya ce zai zo.